Daga Titin Vine Zuwa Gadar Williamsburg: Bin Sawun Manyan Mabusa Saksofon

Abin da ya fara tsayar da ni a gidan tarihin kiɗan jaz na Kansas City a Amurka, a mahaɗar titi na 18 da titin Vine, wani saksofon ne na roba. Launinsa ruwan madara, maɓallansa na ƙarfe, yana ajiye cikin akwatin gilashi. Ƙirar Grafton ce ta Ingila, wadda a zamaninta kusan rabin kuɗin na tagulla ake sayar da ita, ga saurin tsagewa in ta faɗi. Da shi shahararren mabushi Charlie Parker ya hau dandalin Massey Hall a Toronto ranar 15 ga Mayu 1953, birnin Kansas kuma ya sayo shi a gwanjo a Landan a 1994. Duk wanda ya saurari faifan wannan dare da ido rufe ba zai ce roba yake ji ba. Parker yake ji, da kaifinsa da saurinsa, kamar yadda yake a kowane saksofon da ya ara ko ya fanso daga jingina. Da wannan tunanin na yi sauran tafiyar: ina muryar take fitowa, tunda ba daga ƙarfen ba?

Sai an san kayan kafin a gane masu shi. Adolphe Sax, mutumin Dinant a Beljiyam, shi ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajista a Faransa a 1846. Guda 4 ne suka zauna a jaz: sofrano, alto, teno da bariton, daga siriri zuwa kakkaura. Jikin bututu ne mai faɗaɗa yana gangarowa har ya buɗe kamar mazurari, da ramuka sama da 20, kowanne da murfinsa mai faifan fata a ciki. A sama akwai wuya, a ƙarshen wuyan akwai toto, a kan toton ake cusa bakin busa. Ƙarƙashin bakin ake ɗaure wani siririn harshe na kara da maɗaurin ƙarfe. Wannan karan, wanda mafi shahararsa daga yankin Var na kudancin Faransa yake zuwa, shi ne ke karkarwa ya ba da sauti. Ana sayar da shi da lamba, daga 1.5 mai laushi zuwa 5 mai tauri. Tazarar da ke tsakanin tsinin harshen da tsinin bakin ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 a teno ba, amma a wannan ɗan wurin rabin rigimar take. Baki mai faɗin tazara yana son harshe mai laushi, mai ƙunci yana son mai tauri. Sauran rabin kuma yana cikin mutum: maƙogwaro, harshensa na jiki, leɓen ƙasa, da yadda yake turo iska daga ciki.

Unguwar 18 da Vine a yau shiru take da rana. Gidan tarihin, wanda aka buɗe a 1997, gini ɗaya yake da na tarihin ƙwallon besbol ta baƙar fata, akwai kulob ɗin Blue Room a jikinsa, gidan wasa na Gem yana tsallaken titi. A shekarun 1930 kuwa nan ce cibiyar. Wani ɗan siyasa, Tom Pendergast, ya riƙe birnin a tafin hannunsa har aka ɗaure shi a 1939 kan kin biyan haraji, kuma a ƙarƙashinsa gidajen rawa ba sa rufewa. Lokacin da matsin tattalin arziki ya kori makaɗa daga aiki a sauran Amurka, a nan akwai aiki har asuba. Bayan an tashi kuma sai a taru a gwada ƙwanji, wani ya busa wani ya karɓa, waƙa ɗaya ta yi sa'a guda ba a sauke ta ba. Mutumin da zai jure wannan dole ya kasance da abin faɗa mai yawa, da numfashin faɗarsa.

A wannan titin, a wani kulob mai suna Cherry Blossom, ake ba da labarin karon da aka yi a ƙarshen 1933 tsakanin Coleman Hawkins, wanda ya zo gari tare da ƙungiyar Fletcher Henderson, da 'yan gida: Lester Young, Ben Webster da Herschel Evans. Masu ba da labarin sun ce gari ya waye Hawkins bai kayar da Young ba. Ko an ƙara wa labarin gishiri, hanyoyi biyun da suka haɗu a daren gaskiya ne, kuma duk mai busa teno da ya zo daga baya a kan ɗayansu ya taso, ko ya haɗa su.

Hawkins, haifaffen St. Joseph a jihar Missouri a 1904, ya fara da fiyano da celo, wani babban goge, kafin saksofon, kuma hakan ya bayyana a busarsa. Waƙar jaz tana da kari, wato abin da mutum ke rerawa, tana kuma da ginshiƙai, wato haɗe-haɗen sauti da mai fiyano ke dannawa a ƙasa, waɗanda makaɗa ke kira kod. Hawkins ginshiƙan yake bi. Kowane kod ya zo sai ya warware shi ɗaya bayan ɗaya, ya hau ya sauka kamar mai taka tsani, har ya cusa wasu kod ɗin da ba a rubuta ba a tsakani. Muryarsa cike take, mai kauri da karkarwa mai faɗi, yana kuma taka kowane bugu da nauyi. Misalin da ake koyarwa shi ne "Body and Soul" da ya ɗauka ranar 11 ga Oktoba 1939, bayan shekara 5 a Turai. Minti 3 ne, zagaye 2 na waƙa mai awo 32, kowane awo bugu 4. Ya ɗan taɓa karin a farkon farko, daga nan bai ƙara komawa kansa ba, sai gini yake yi yana hawa a hankali har ya kai ƙololuwa dab da ƙarshe. Abin mamaki, faifan ya yi kasuwa wurin talakawa.

Young kuma, wanda aka haifa a Woodville ta Mississippi a 1909, a kwance yake tafiya. Bai damu ya nuna maka kowane kod ba. Zai zaɓi 'yan sautuka da za su zauna lafiya a kan kod uku ko huɗu a jere, ya ja layi ɗaya dogo a kansu, ya yi shiru inda kowa ke jiran magana, ya shigo inda ba a zata ba. Muryarsa sakayau ce, karkarwa kaɗan, don ya koyi wani abu daga Frankie Trumbauer, farar fata mai busa wani saksofon da ke tsakanin alto da teno. Yana da wata dabara ta danna maɓallai iri biyu don fitar da sauti ɗaya: sautin bai canza ba amma launinsa ya canza, ɗaya a buɗe ɗaya a toshe, sai ka ji kamar mutum yana maimaita kalma da baki buɗe sannan da baki rufe. Yakan karkatar da saksofon ɗin gefe sosai in yana busa. Da ya gaji kujerar Hawkins wurin Henderson a 1934, 'yan ƙungiyar suka ƙi muryarsa, suka ce ba ta da nauyi, bai yi wata nawa ba ya bar aikin. Faifansa na farko sai a Nuwamba 1936 a Chicago, tare da mai fiyano Count Basie. A ganina babu wanda ya kai shi tasiri. Hawkins ya nuna abin da saksofon zai iya, Young ya nuna abin da ya kamata a bari ba a busa ba, kuma wannan ya fi wuyar koyo. Stan Getz da Zoot Sims da duk masu sanyin murya na shekarun 1950 daga gindinsa suka tsiro, haka ma Parker da Dexter Gordon, waɗanda ba su yi kama da shi a zafi ba.

Wurin da har yanzu ake jin ɗanɗanon wancan zamani shi ne Mutual Musicians Foundation, lamba 1823 a titin Highland, tsohon ofishin ƙungiyar makaɗa baƙar fata mai lamba 627. Daren Juma'a da na Asabar ake buɗewa bayan ƙarfe 1, a kai har kusan asuba. Mai son zuwa ya yi barcin yamma, ya kuma tanadi motar da za ta mayar da shi masauki. Ana sayar da giya, amma ba wanda zai kalle ka don ka ce lemo kake so. Tsarin gwajin ƙwanjin bai canza ba: a kira sunan waƙa da gidan sautin da za a yi ta, wato jerin sautukan da za ta zauna a kai, a busa karin sau ɗaya tare, kowa ya karɓi zagayensa yana ƙirƙira nan take, sannan a yi musayar awo huɗu-huɗu da mai ganga, a koma kan kari a rufe. A nan na zauna kusa da wani dattijo mai teno har na ga yadda ake yin busar Ben Webster da ido. Yana janye haɓarsa baya kaɗan, ya shimfiɗa leɓen ƙasa a kan harshen karan don ya rage masa karkarwa, ya saki iska mai ɗumi a hankali. Sautin ƙasa sai ya fito da hucin iska a gefensa, wani lokaci sautin ya ƙare iskar ta ci gaba da rawa ita kaɗai. Idan leɓen ya saki fiye da kima sautin yakan faɗi ƙasa da inda ya kamata, idan aka cije kuma sai ya tsallake sama ya yi ƙara. Webster, ɗan wannan gari, yana da fuska ta biyu a waƙa mai sauri: yakan yi gurnani a maƙogwaro yayin da yake busa, sautukan biyu su yi karo su ba da kaushi. Haka ya yi a ƙungiyar Duke Ellington daga 1940 zuwa 1943, inda ya zauna kusa da Johnny Hodges, mai alto da ke zamewa daga sauti zuwa sauti ba tare da ka ji gaɓa ba, ta hanyar sassauta leɓe da buɗe maɓalli sannu-sannu a lokaci guda.

Parker yana yaro yake laɓewa a irin waɗannan wurare. An haife shi a 1920, kuma farkonsa ba daɗi. Yana kimanin shekara 16 ya hau gwaji a Reno Club, ya ɓace a tsakiyar waƙa, mai ganga Jo Jones ya jefo masa faifan ƙarfe a gaban ƙafa, aka yi ta dariya. Matsalarsa a bayyane take: bai san cewa gidajen sauti 12 ne ba, kuma waƙa tana iya fita daga ɗaya ta shiga wani. Maganin da ya yi shi ne wanda ake ba ɗalibai har gobe. A 1937 ya tafi aiki a tsaunukan Ozark da faya-fayan Lester Young, ya haddace su sauti bayan sauti. Kowace jimla ya koya sai ya juya ta cikin gidaje 12 duka. Shi da bakinsa ya ce ya yi shekara 3 zuwa 4 yana atisaye na sa'a 11 zuwa 15 a rana.

Abin da ya fito da shi, wanda aka kira bibop, yana da sassa da kunne zai iya rarrabewa. Kod ana gina shi ne hawa-hawa, sauti na 1, na 3, na 5, na 7. Magabata a nan suke tsayawa galibi. Parker ya ɗauki na 9, na 11 da na 13 ya mayar da su wurin zama, shi ya sa busarsa ke yi wa sabon kunne kamar ta kauce alhali tana kan hanya. Yana kewaye sautin da yake nufi, ya taɓa na samansa, ya taɓa na ƙasansa, sannan ya sauka a kansa daidai lokacin da kod ya juya. Nauyin jimlarsa kuma ba ya faɗawa inda ƙafa ke taka ƙasa, yakan jefa shi tsakanin bugu da bugu, kuma ba a wuri ɗaya ba kullum. Wannan na ukun shi ne masu kwaikwayo suka fi kasawa. Suna samun sautukan, amma su jero su daidai wa daida kamar keken ɗinki. A "Ko-Ko", da aka ɗauka ranar 26 ga Nuwamba 1945, gudun ya kai kimanin bugu 300 a minti, wato 5 a daƙiƙa, yana kuma zuba sauti 2 a kowane bugu, amma kowace jimla da kanta da wutsiyarta. Muryar tasa a bushe take, mai kaifi, karkarwa sai a ƙarshen dogon sauti, domin a irin wannan gudu babu sararin ado. A ƙarƙashin duk wannan lissafi bulus ɗin Kansas City ne, wato tsohuwar waƙar baƙar fatar Amurka, kukan gidansu.

Hodar iblis ta heroin da giya suka cinye shi. Ya rasu ranar 12 ga Maris 1955 yana da shekara 34, likitan da ya duba gawar ya ɗauka mutum ne mai shekara 50 zuwa 60. Matasa da yawa sun bi shi cikin wannan hallaka da zaton a nan sirrin yake, shi kuwa ya sha faɗa cewa ba ta ƙara wa kowa iyawa. Kabarinsa yana maƙabartar Lincoln a gabashin gari, kusa da na mahaifiyarsa, sai da mota ake zuwa. Saksofon ɗin da aka zana a kan dutsen teno ne, mai lanƙwasasshen wuya, alhali alto aka san shi da shi. Abin ya sosa mini rai.

Daga Kansas City zuwa New York kusan sa'a 3 ne a jirgin sama. Titi na 52, tsakanin Fifth Avenue da Sixth, inda Three Deuces da Onyx da Famous Door suke a jere har mutum ya ji Hawkins a nan ya tsallaka ya ji Parker a can, yanzu dogayen ofisoshi ne, sai allon suna kawai. Minton's Playhouse a titi na 118 a Harlem, inda aka dafa bibop a farkon shekarun 1940, ginin yana nan. Ban daɗe a waɗannan ba.

Inda na daɗe shi ne shagon wani mai gyaran kayan busa a tsakiyar Manhattan. Yana zura doguwar fitila cikin bututun a ɗaki mai duhu, ya rufe maɓallan da ɗan yatsa ba tare da matsawa ba. Duk inda haske ya leƙo, faifan fatar yana yoyo. Yoyo kamar kaurin gashi a wani murfi na sama ya isa ya hana sautukan can ƙasa fita, sai mai koyo ya yi ta cije baki yana zargin kansa. Murfin da ya fi mannewa shi ne na sautin G mai ɗagi da na C mai ɗagi na ƙasa, wato rabin taki sama da G da C, domin a rufe suke zama, kuma zaƙin abin da mutum ya sha yana taruwa a kansu. Maganinsa a sa takarda mai tsabta a ƙarƙashi, a danna, a ja. Ana daidaita sauti da tura bakin busa a kan toto: a tura ciki ya hau, a jawo waje ya sauka, kuma saksofon mai sanyi a ƙasa yake fita har sai ya ɗumama. Harshen kara ana jiƙa shi minti 1 ko 2 kafin a ɗaura, a daidaita tsininsa da tsinin bakin, a ajiye shi a kan abu mai shafaffen fuska bayan an gama don kada ya kantare. Wanda zai kai saksofon ƙasarmu ya kula da wannan a hunturu, bushewar iska tana kantarar da kara cikin kwana ɗaya. A bangon shagon akwai tsofaffin Selmer Mark VI, ƙirar Faransa da aka fara a 1954, wadda John Coltrane da Sonny Rollins da Getz duk suka riƙe. Mutum uku, ƙira ɗaya, kuma ba mai rikita muryoyinsu.

Gadar Williamsburg ana hawanta da ƙafa daga titin Delancey. Tsawonta ya haura kilomita 2, hanyar masu tafiya tana sama da ta motoci, jiragen ƙasa na layin J da M suna wucewa ta tsakiya da ƙara mai cika kunne. A 1959 Sonny Rollins, yana tsakiyar tashensa, ya daina wasa a bainar jama'a. Gidansa a titin Grand yake, maƙwabta na kusa, ba damar busa da ƙarfi, sai ya riƙa hawowa nan yana atisaye, wani lokaci sa'a 15, rani da sanyi, har ƙarshen 1961. Tsayuwa a wurin ta fahimtar da ni girman muryarsa. A ɗaki bango yana dawo maka da sautinka ya yi maka kwalliya. A kan gada babu abin da ke dawowa, iska tana kwashe shi, jirgi yana danne shi, dole ka cika bututun da iska daga ƙasan ciki. Salon Rollins kuwa tun kafin gadar ya kafu. Yakan ɗauki ɗan guntun kari, sauti uku ko huɗu, ya juya shi, ya miƙe shi, ya gutsure shi, ya jinkirta shi, ya dawo da shi bayan ka manta, yadda "Blue 7" ta 1956 ta nuna. Harshensa na jiki yana aiki fiye da na kowa: sauti ɗaya zai sare shi iri biyar, mai tsini, mai faɗi, mai haɗiyewa. Iyayensa daga tsibiran Virgin suke, shi ya sa kiɗan kalifso na tsibiran yankin ke yawan fitowa a bakinsa. Tun 1954 ya rubuta waƙar da ya kira "Airegin", wato Nigeria in an karanta daga baya.

Da dare na gangara Village Vanguard, lamba 178 a Seventh Avenue South, 'yar tafiya daga tashar titi na 14. An buɗe shi a 1935. Matakala ce ƙunƙuntacciya zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai siffar kusurwa uku, kujeru 123, dandalin a tsinin kusurwar, shi ya sa sauti ke buɗewa zuwa ga jama'a kamar daga bakin mazurari. Wasa 2 ake yi a dare, ƙarfe 8 da ƙarfe 10, kuma gara a sayi tikiti tun da wuri. Nan Rollins ya ɗauki faifai ranar 3 ga Nuwamba 1957 da bes, babban kayan tsirkiya mai kaurin murya, da ganga kawai, ba fiyano, don kada kowa ya tsare masa hanya da kod. Nan kuma Dexter Gordon ya yi wasan dawowarsa a Disamba 1976 bayan shekara 14 a Turai. Gordon a bayan bugu yake tafiya, kamar babban mutum da ba ya gaggawa don ya san za a jira shi. Masu kwaikwayonsa sukan ja waƙar ta rage gudu. Shi kuwa gudun yana nan a cikinsa, jinkirin da gangan ne kuma gwargwadonsa ɗaya daga farko har ƙarshe.

Amma ɗakin na John Coltrane ne a zukatan mutane da yawa. Rayuwar busarsa ta shahara shekara 12 ce kacal, daga shigarsa ƙungiyar mai busa ƙaho Miles Davis a 1955 zuwa rasuwarsa a 1967 yana da shekara 40, kuma a ciki ya sauya salo sau uku. Bayan ya rabu da ƙwaya a 1957 ya yi watanni tare da mai fiyano Thelonious Monk, ya fito da dabarar ɗora kod uku a kan ɗaya, yana ƙoƙarin busa su duka kafin awon ya wuce. Sautukan suka daina rabuwa biyu-biyu ko huɗu-huɗu, suka koma biyar-biyar, bakwai-bakwai, suna zubowa kamar ruwan indararo. A 1959 ya kai lissafin ƙarshensa da "Giant Steps": awo 16, kod 26, gidajen sauti 3 da suka raba da'irar 12 daidai kamar duwatsun murhu, ana tsalle daga wannan zuwa wancan, kod yana canzawa kusan kowane bugu biyu, a gudun da ya kusa 300. Ƙwararren mai fiyano Tommy Flanagan ana jin yana laluben hanya a faifan, don a ranar ya gamu da gudun. Daga nan Coltrane ya juya gaba ɗaya. Ya koma kan kod ɗaya ko biyu da za a zauna a kansu minti 10 ko fiye, ya ɗauki sofrano, wanda tun bayan Sidney Bechet na New Orleans kusan an yi watsi da shi. A wannan ɗakin, a Nuwamba 1961, ya busa bulus na kusan minti 16 a teno, ba fiyano, Elvin Jones yana tafasa ganguna a bayansa. Muryarsa miƙaƙƙiya ce kamar sandar ƙarfe, kusan ba karkarwa, yana son saman teno inda sauti ke kama da kira. Don ya wuce iyakar maɓallai yana amfani da sautukan da ke ɓoye cikin kowane sauti. Atisayen shi ne a danna sautin can ƙasa, wanda ke rabin taki ƙasa da B, ba a motsa yatsa ba, a ɗaga bayan harshe kamar mai cewa "ii", sai sautin ya tsallaka hawa ɗaya, wato ya fito da siririn kansa na sama, sannan na biyar a samansa, sannan hawa na biyu. Da maƙogwaro ake yi. Wanda ya yi da haƙori zai yanke leɓensa ya sami siririn sauti mai hawa fiye da kima. Shi kansa Coltrane ya taɓa ba da bakin busarsa na ƙarfe a gyara masa aka lalata, ya kuma ce rashinsa ya hana shi busa mai gudu yadda yake so na wani lokaci a farkon shekarun 1960, lokacin da ya yi faya-fayansa masu sanyi.

Jirgin layi na 4 yana ƙarewa a ƙofar maƙabartar Woodlawn a Bronx. Hawkins yana can, da Ellington da Miles Davis, da Ornette Coleman. Coleman, mutumin Fort Worth a Texas, ya iso New York a Nuwamba 1959 da farin Grafton na roba irin na Parker, ya raba kan makaɗa gida biyu. Ya ajiye jerin kod gaba ɗaya, karin da yake ƙirƙira shi ke jan mai bes zuwa inda za a je. Yana ɗaga sauti ko ya sauke shi kaɗan daga inda fiyano ya ajiye shi, da niyya, gwargwadon abin da jimlar ke nufi, kamar yadda muryar mai kuka ko mai dariya take yi. Waɗanda suka ce bai iya ba sun yi kuskure. Kunnen da ya saba da goge da kukuma ba zai sha wahalar karɓarsa ba.

A titi na 125 a Harlem na nemi inda cibiyar al'adun Afirka ta Babatunde Olatunji, makaɗin ganga ɗan Nijeriya, take a da. Coltrane ya taimaka wajen kafa ta, kuma a can aka ɗauki wasansa ranar 23 ga Afrilu 1967, wata 3 kafin rasuwarsa. Abokinsa Yusef Lateef ya tafi nesa da haka. Ya tashi a Detroit, ya musulunta tun a ƙarshen shekarun 1940, teno ɗinsa mai kauri ne mai cike da bulus, kuma yana cikin waɗanda suka shigo da obo, mai kama da algaita, da wasu kayan busa na Gabas cikin wannan kiɗa. Daga 1981 zuwa 1985 yana Zariya, a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana bincike kan sarewar Fulani. Akwai kuma dabarar da mabusan sarki suka riga kowa sani. Mai algaita yana cika kumatu da iska, ya matse su yana turawa cikin bututu yayin da yake shaƙar sabuwa ta hanci, sautin bai yanke ba. Da ita Harry Carney, mai bariton ɗin Ellington, yake riƙe sauti ɗaya har jama'a su fara tafi, da ita kuma Rahsaan Roland Kirk, makaho mai busa saksofon 3 a lokaci guda, yake yin mintoci bai tsaya ba. Ana koyonta da tsinken shan lemo a kofin ruwa: a matse tsinken kaɗan, a yi ta hura kumfa, a shaƙa ta hanci ba tare da kumfar ta tsaya ba. Wurin da ake faɗuwa shi ne komawa daga iskar kumatu zuwa ta huhu, nan sautin ke yin tuntuɓe ko ya sauka, kuma a saksofon ya fi wuya a sautukan ƙasa don sun fi cin iska.

Ranar ƙarshe na hau jirgin Long Island daga tashar Penn, na ƙarasa da tasi zuwa Dix Hills. Gidan Coltrane na bulo ne, a unguwa mai itatuwa da shiru, daga waje na tsaya don ana aikin gyaransa. A wani ɗaki na sama ya keɓe kansa kwanaki a 1964, ya sauko da "A Love Supreme" a rubuce, aikin godiya ga Ubangiji mai kashi 4, aka ɗauke shi a zama ɗaya ranar 9 ga Disamba a situdiyon Rudy Van Gelder a New Jersey. Kashin farko a kan sauti 4 aka gina shi, waɗanda mai bes ke farawa da su. Dab da ƙarshe Coltrane ya karɓe su a teno ya bi da su cikin gidajen sauti 12 duka, atisayen nan da Parker ya yi a Ozark yana saurayi. A kashi na 4 kuma ya ajiye addu'ar da ya rubuta a gabansa ya karanta ta da saksofon, gaɓa bayan gaɓa, ba kalma ko ɗaya a baki. Rubutun yana jikin kwalin faifan, ana iya bin sa da yatsa yayin da yake busawa. Kabarinsa yana Pinelawn, 'yar tafiya kaɗan a mota daga gidan, kuma akwai tashar jirgin komawa birni a bakin maƙabartar.